Dogon da Ya Zo da Hoton Mijina

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da lokacin da wani mutum ya riƙa yawo a unguwarmu ta Mansur, nan Makka, da hoton mijina a hannu ba. Faɗa nake ana rubutawa, in an ga maganar ta tsinke, kuka ne ya tare ni.

Ina cikin takaba a lokacin. Maigidana, Allah ya jiƙansa, kowa a unguwa ya san shi da gyaran lasifikar masallatai. Abin da ba su sani ba, kafin mu zo hajji mu zauna, shi ne mai ɗaukar sautin samarin da ke kiɗan jita mai lantarki a Agadas, irin mai ƙarar nan da Turawa ke ce wa rok. Shi ke haɗa musu wayoyi, shi ke naɗa kiɗan a kaset. Da muka zo nan ya ajiye, bai ƙara zancen da kowa ba sai ni.

Mu da ba mu da igama, wato takardar zama, ɗabi'armu guda ce: in baƙo ya tambayi gidan wani, babu wanda ya san shi. To ina zaune sai ga maƙwabciyata mai sayar da masa ta faɗo ko sallama babu.

"Yaya, tashi ki ɗaure kayanki! Wani dogo na bin shaguna da hoton marigayi."

"Me zai yi da wanda ke kabari?"

"Shi ya tsira, ke fa? Wa ke neman mutum da hoto in ba ɗan leƙen masu kame ba? Ki koma Rusaifa wajen ƙanwata."

In aka kama ni, jirgi za a sa ni, in bar garin da mijina ke kwance, in koma inda duk wanda ya san ni ya mutu. Amma mai takaba ba ta barin ɗakin mijinta. Na ce ina nan.

Dogon ya sha wuya kuwa. Mai tsire ya tura shi unguwar Zahir, na Zahir suka maido shi. Wani ya duba hoton ya ce ai wannan fuskar mutanen Jidda ce. Ladanin masallacinmu ne ya kasa yin ƙarya, ya kawo shi ƙofata bayan la'asar. Na tsaya bayan labule.

"Hajiya, ya ƙarin haƙuri? Aikin umara na zo yi. Ni ne mai jitar da mijinki ya riƙa ɗaukar sautinsa a da."

"Ba mu san shi ba," na ce, don bakina ya saba.

Ladan ya yi tari. "Hajiya, mijinki fa ake nufi."

Na ce baƙon ya miƙo hannunsa na hagu ta gefen labule. Kan yatsun sun yi kanta, wayar jita ta tsattsaga su. Na san irin hannun nan, sun sha cin tuwona a Agadas. Duk da haka zuciyata ta ce mai jita ma ana iya aiko shi.

Ya ce matasan makaɗa a Yamai za su yi taron karrama tsofaffi: masu jita, da masu shirya faifai, da masu ɗaukar sauti. "Mu aka tafa wa, Hajiya, shi yana can baya cikin wayoyi. Ba don shi ba da iska ta kwashe kiɗanmu. Ki yarda in ɗauke ki a waya ki yi wa taron magana."

"Fuskata ta shiga waya yau, gobe motar kame ta shigo lungun nan? A kai kasuwa."

Sai ya danna wani abu a wayarsa. Kafin kiɗan ya tashi sai na ji murya: "Kai mai ganga, matsa baya, ka cinye kowa!" Muryar mijina ce, ta ƙuruciya, da dariya a cikinta. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ladan ya ce bari ya je ya sabunta alwala.

Da na samu numfashi na ce, "Ku kira sunansa, ku sa muryar nan mutane su ji. Amma kada a ce ya bar mata, kada a ambaci unguwa."

"Sai mu ce ba shi da kowa?"

"Ku ce yana Makka. Ba ƙarya ba ce."

Bayan tafiyarsa na daɗe ina zabura duk sanda mota ta tsaya a bakin lungu. Babu wanda ya zo. Daga baya dogon ya aiko wa ladan saƙo cewa da aka kira sunan marigayi, taron duka ya miƙe tsaye. Ban gani ba, faɗa mini aka yi. Maƙwabciyata har gobe cewa take ɗan leƙe ne, tausayina kawai ya ji.

Abin da na koya, tsoro na tsare mutum, ban musa ba, shi ya bar ni a garin nan har yau. Amma makaho ne, ba ya rarrabe mai zuwa kama ka da mai zuwa girmama ka. Mu da kullum muke kukan an manta da mu, saura kaɗan mu kori wanda ya tuna.