Nganji da Damin Icen Ma Kezaya

Tun Nganji yana yaro a garin Ndu na kan tsaunuka yake faɗa da sanyi, kuma kullum sanyin ke kayar da shi. Cikin tsakiyar damina aka haife shi, lokacin da gajimare ke saukowa ya kwanta a kan titi har mutum ya kasa ganin akuyar da yake ja. Uwarsa ta ce da rawar ɗari ya faɗo duniya, kukan ma sai daga baya ya tuna da shi. Da ya tasa ya shiga tsinkar ganyen shayi, ya ce raɓa tana cin yatsunsa. Ya koma kafinta, ya ce guduma tana kwana da sanyi. Daga ƙarshe ya hau babur ya zama ɗan acaɓa, wato ya zaɓi sana'ar da ta fi kowace shan iska a garin, don dai ku san irin kan da aka ɗora masa a wuya.

Tuƙi kam ya iya, wannan ba a ƙwace masa ba. Matan kasuwa kan ce ko tiren ƙwai ka ɗora a cinya, Nganji zai sauko da kai gangaren nan ba tare da ɗaya ya tsage ba. Bakinsa ne kawai ba ya da man. A gaban maza sai surutu kamar rediyo, a gaban mace kuwa sai ya tsaya yana sosa ƙeya yana tambayar lafiyar kaji.

A bakin tasha akwai rumfar Ma Kezaya, bazawara mai fanke da wake da koko. Duk ɗan acaɓar da ya dawo daga zuwan farko na asuba, yatsunsa sun ƙage kamar busasshen kifi, wurin wutarta yake nufa. Ƙa'idar ita ce ka zo da ice guda ka jefa a tarin da ke gaba, sannan ka miƙa hannu ka ji ɗumi. Wannan na kowa ne. Amma namijin da ya faskara icen turare, ya ɗaure dami guda, ya zagaya ya ajiye a bayan murhun mace, to ya yi maganar aure ke nan. In ta sa icen a wuta, ta amsa.

Kowace ranar kasuwa Nganji yana kawo daminsa ya ajiye a baya, Ma Kezaya kuma tana ƙonawa. Shekara da shekaru ana haka. Abin da ya rage shi ne ya ɗauki goro da bammi ya je gaban kawunta, amma ina! Kullum sai ya ce bari damina ta wuce, in ta wuce ya ce bari a yi girbi. Ita kuwa tana suya tana jira, har ɗanta na fari ya fara gemu.

Ana nan sai ƙanensa Ngala, wanda ke wankin tsofaffi a Jamus, ya aiko masa da wata tsaraba: robar hannun babur guda biyu masu waya a jiki. In aka haɗa su da batir aka danna maɓalli, sai su ɗauki ɗumi kamar an dafa su. Mai gyaran wayar babur ya juya su ya sake juyawa, ya ce, "Nganji, wannan na manyan babura ne. Batirinka bai fi sabulun wanka ba."

"Kai dai ɗaura. An tambaye ka?"

Aka ɗaura. Washegari Nganji bai tsallako wurin wuta ba. Ya kafa baburinsa a ɗaya gefen titi, injin na ci, ya riƙe hannuwa biyu yana kallon sama kamar wanda ake ɗauka hoto. A ransa, Ma Kezaya tana ganinsa tana cewa, ashe dai babban mutum nake jira.

"Nganji!" ta kira shi, matsami a hannu. "Yau ba ka jin sanyi ne?"

"Ma Kezaya, ni da sanyi mun rabu. Turawa sun shiga tsakani. Zo ki taɓa ki ji."

"Hannuna da ƙullu."

'Yan acaɓa suka tuntsire da dariya. Wani ya ce, "Ranka ya daɗe Bature, hancin fa? Ga shi yana zuba kamar famfon mishan. Shi ba a aiko masa da tasa wayar ba?"

"Ku yi ta shan hayaƙi," in ji Nganji. "Mu mun wuce nan."

Ranar kasuwa ta zo, bayan murhu fayau, babu dami. Ba wai ya fasa ba ne, a'a, wata dabara ce ta faɗo masa. Tunda ya ga abin da Turawa suka iya, sai ice ya zama abin kunya a idonsa. Ya buga wa Ngala waya a ɓoye ya ce ya aiko da murhun gas mai kai biyu, irin wanda ake murɗawa wuta ta tashi shuɗiya. Ranar da ya iso, zai dire shi a gabanta gaban kowa, daga nan ya zarce gidan kawu. Bai gaya wa kowa ba, don kada a ɓata masa shiri.

Kasuwa ta ci, ta sake ci, ta kuma ci. A Ndu kuwa, namijin da ya daina kawo ice ya janye maganarsa, ko jaririn da ke goye ya san wannan. Matan coci suka fara zuwa sayen fanke suna yi wa Ma Kezaya sannu da murya ƙasa-ƙasa, kamar an yi mata rasuwa.

Sai ga Pa Tamfu, dattijon coci da matarsa ta rasu bara, mai gonar itacen turare a bayan gida. Ya taho da dami a ka, gwiwoyinsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ya zagaya ya sauke a bayan murhu, ya zauna yana haki. Ma Kezaya ba ta taɓa icen ba. Ta bar shi nan har wata kasuwar, tana suya tana ɗaga ido tana duban tsallaken titi.

Wani abokin sana'ar Nganji ya tsallaka ya same shi. "Ɗan'uwa, idonka na aiki kuwa? An ajiye dami a wurinka."

"Bar tsoho ya motsa jini," in ji Nganji. "Abin da ke tafe a jirgin ruwa, in ya gan shi sai ya nemi kujera."

"Mene ne ke tafe?"

"Za ku gani."

Abin da suka gani shi ne, ranar kasuwar da safe Ma Kezaya ta kwance damin Pa Tamfu, ta zaro mafi kauri ta tura ƙarƙashin kasko. Nganji yana tsallake, ya ga hayaƙin ya tashi, sai a lokacin maganar ta isa kansa.

A makon ne kuma batirin ya gaji da ciyar da baƙin Jamus. Fitila ta koma kamar idon mara lafiya, ham yana kuka kamar ɗan tsako, robar dama tana ƙuna ta hagu kuwa ƙanƙara. Nganji ya fizge wayoyin, ya ari gatari, ya wuni yana faskare har tafinsa ya yi ƙulu-ƙulu. Da gari ya waye ya ɗoro wani dami da ya kusa ɗaga ƙafar gaban babur, ya kinkimo shi zai zagaya baya.

"Ina zuwa?" in ji Ma Kezaya, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Tarin 'yan acaɓa yana gaba."

"Ma Kezaya, ki saurare ni. Murhun gas na sa a aiko miki daga Jamus. Mai kai biyu. Yana hanya."

"To, madalla. Jamus ta san da maganar, jirgin ruwa ya sani, ni da nake zaune a nan ina shan sannu ban sani ba." Ta juya fanke. "Tsohon nan da kake gani, tun shekaranjiya ya je wurin kawu. Da ƙafa ya je, a cikin ruwan sama. Kai mai babur fa?"

Nganji ya sosa ƙeya. Pa Tamfu, wanda ke zaune a bayan murhu yana gasa gwiwa, ya ce, "Sannu da aiki, ɗana. Icen nan ya bushe kuwa? Ɗanye yana sa ta tari."

Nganji ya sauke damin a gaba. Icen ya yi kyau, ba laifi, ya daɗe yana ci. Kowace safiya 'yan acaɓa na miƙa hannu a kansa suna ɗaga murya, "An gode, ango! Allah ya ƙara ƙarfin gatari!" Shi kuma yana tsugune a cikinsu, yana tauna fanke kamar an ba shi magani. Da ranar ɗaurin aure ta zo, shi aka nema ya kai Pa Tamfu coci, don amarya ta ce ba ta yarda da tuƙin kowa ba, kada a jijjiga mata tsoho.