Waƙar da Iya Take Yi da Baki Rufe

Ni dai zaman jira ba ya karɓata. A filin da mu direbobin tasi muke jiran fasinja a tashar jirgin sama ta JFK a New York, wasu barci suke yi, wasu hira, ni kuwa sai in fita in zagaya mota, in dawo in zauna, in sake fita. Matata takan ce ko ƙaiƙayi gare ni. Ba ƙaiƙayi ba ne. Wata waƙa ce ta hana ni sakat. Shekara talatin da 'yan kai ina ɗauke da rabin karinta a ka, ko kalma ɗaya ban sani ba a cikinta, kuma kullum tsoro nake kada rabin ma ya kuɓuce mini.

Wajen Iya na ɗauko ta, kakata ta wajen uba, a gidanmu na Zariya. Idan an sauke tuwo an yi isha'i, ba ta yarda a kashe murhu. Sai ta tura guntun icce, ta binne dankali a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni ne sarkin mutsu-mutsu, ina tsokanar wuta, ina zungurar na kusa da ni.

"Kai angona," in ji ta, "in ba za ka zauna wuri ɗaya ba, ba ni takardata in koma gidanmu."

Sai a kwashe da dariya, ni kuma in natsu na ɗan lokaci. Tana da labaran kura da zomo kamar kowace kaka, amma wanda muke roƙo shi ne na Zabiyar Bangal. Da ƙuruciyarta Iya ta yi wanki a gidan wani malamin sakandare ɗan Indiya, matarsa ce ta ba ta labarin da Hausarta ta kasuwa. Iya takan gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe daga bayan teku." Mu ce, "Ta iso mu ji ta!"

Wai wata yarinya ce a bakin wani babban kogi a ƙasar Bangal. Ubanta ya rasu, uwarta tana wanke-wanke a gidan dangi don a ba su ɗan abin da ya rage a tukunya. Wata rana wani mai shirya fim ya ga yarinyar, ya sa ta a wasa. A lokacin fim bebe ne, sai motsi. Da aka zo da na'urar ɗaukar murya, manyan taurari da yawa suka faɗi, don muryarsu ba ta da daɗin ji. Ita kuwa da ta buɗe baki, mai ɗaukar hoto ya manta da aikinsa.

A nan Iya takan rufe ido, ta rufe baki gam, ta fara rera karin a maƙogwaro. Wallahi ko ni sai in daskare. Idan muka ce ta faɗi kalmomin, sai ta ce, "Ku ji yara! Ni na iya Indiyanci ne?"

Sannan ta ci gaba. Yarinya ta zama tauraruwa, ana rera waƙoƙinta a kowane gida, amma gidajen nan ba sa shimfiɗa mata tabarma, wai ita 'yar wasa ce. Ta auri ɗan manyan mutane, danginsa suka ce ko waƙa ko su. Iya takan daɗe a wannan gaɓar tana juya dankali. "Ta zaɓi muryarta," in ji ta. "Ita ta iya." Daga baya matar ta kafa kamfanin fim nata, ta riƙa ciyar da tsofaffin 'yan wasa da aka manta da su. Sai Iya ta kakkaɓe hannu ta ce, "Ƙurunƙus, kan kifin Bangal. Kowa ya ɗauki dankalinsa."

Ni na ɓata abin. Babanmu limamin unguwa ne. Wata safiya na kai masa buta zaure, yana tare da baƙi, ina tafe ina rera karin nan da baki rufe, yadda Iya take yi. Wani tsoho cikin baƙin ya ɗaga kai ya dube ni. Baba ya ce, "A ina ka ji wannan?" Ni kuwa da alfahari na ce, "Wajen Iya!" Bai dake ni ba. Da baƙi suka tafi ya shiga ɗakinta, ya jima. Daga ranar, in ta zo wurin waƙar sai ta tsallake. Ba a jima ba ta daina labarin gaba ɗaya. Na ɗauka Baba waƙar Indiya ce ba ya so. A haka Iya ta rasu, ni kuma rabin farko kawai na riƙe.

Da na zo New York na tarar filin jiran nan cike da direbobi 'yan Bangal, sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Na dame su. Duk wanda ya buɗe kwanon abincinsa sai ya gan ni a kansa ina gunji kamar kurciya. Har wani dattijo cikinsu, Malam Rahim, ya tausaya mini. Na ba shi labarin, ya ce ƙwarai, sun yi irin wannan mata, mahaifiyarsa ma tana son waƙoƙinta. Mako biyu muna sauraren tsofaffin waƙoƙi a wayarsa. Rannan ya kashe wayar ya ce da Turancinsa, "Ɗan'uwa, labarin namu ne. Karin nan ba namu ba ne. Ka tambaya a gida."

Raina ya ɓaci. Ina cikin layin motoci na kira Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, ita kaɗai ta rage a cikinsu. Bayan gaisuwa na ba ta labarin waƙar Indiyar Iya da abin da ya faru a zaure, na rera mata.

"Ɗan nan, wa ya ce maka waƙar Indiya ce?"

"Iya ce ta faɗa, Gwaggo."

"Tata ce. Iya zabiya ce, ba a biki a unguwar nan sai da ita. Da ubanka ya fara jan salla, mutane suka riƙa ce masa ɗan zabiya. Ita da kanta ta rantse bakinta ba zai ƙara buɗewa da waƙa ba. To ka ji dalilin rufe bakin. Tsohon da ya dube ka kuwa, shi ne makaɗinta."

Na ji kunya, na ji haushin kaina. Duk shekarun nan na ɗauka Iya tana koya mana cewa mai baiwa ya riƙe baiwarsa ko duniya za ta zage shi. Ashe wata take yaba wa a kan abin da ita ta kasa, don son ɗanta. 'Yar ƙofar da ta rage mata ke nan, ni kuma na rufe ta da bakina.

Na ce, "Gwaggo, kin san kalmomin?"

"Na tsufa, numfashi ba ya kai ni. Amma ni ban yi rantsuwa ba."

Ta yi gyaran murya ta fara. Hausa ce tsantsa, waƙar rakiyar amarya, muryar tana rawa tana yankewa. Layi ya motsa, na baya suka dame ni da hon, mai ba da layi yana ɗaga mini hannu. Na sauke gilashi na yi musu alama su wuce. Da ta kai ƙarshe na ce, "Gwaggo, don Allah sake daga farko, a hankali," ina laluben biro a aljihu.