Ranar da Talle Ya Rufe Bakin Wayarsa

A shekarun da wayoyin shafa suka fara yawaita a garin Tawa, layin da ke bayan tashar motocin ƙauye bai sauya kama sosai ba. Katangun jar ƙasa suna nan, da inuwar dogonyaro, da rumfunan masu cajin waya waɗanda igiyoyinsu ke reto kamar saiwar ceɗiya. Da hantsi haske yakan kwanta a kan layin har mutum ya ga masu wucewa kamar a cikin ruwa suke tafiya. A nan shagon hoton Talle yake, da labulensa mai zanen teku da jirgin ruwa, wanda mutanen da ba su taɓa ganin teku ba suka yi shekaru suna tsayawa a gabansa.

Da kowa ya iya ɗaukar hoto da abin da ke aljihunsa, shagon ya yi sanyi. Talle bai rufe shi ba, amma ya sami wani aiki. Samarin Adar da ke cin rani a Abijan da sauran biranen bakin teku sukan aiko masa da saƙon murya, su roƙe shi ya shiga ƙauye ya ɗauko musu fuskar iyayensu. Sai ya hau moto, wato babur, ya nufi Kalfu ko Affala, wayarsa tana ta ƙara a aljihunsa.

Wannan ƙarar ce ta ɓata masa aiki ba tare da ya lura ba. Duk uwar da ta ji ta sai ta ɗaga kai, ta buɗe baki kaɗan, tana tsammanin ɗanta ne. Hotunan duka suka fito da fuska ɗaya, fuskar mai jira. Wanda ya fara faɗa masa shi ne Yunusu, wani ɗan Bambeye da ya daɗe bai dawo gida ba. Ya ce fuskar mahaifiyarsa, Inna Azumi, ta fara ɓace masa a zuci, kuma hoton da aka turo masa tayar masa da hankali yake yi. Abin da yake so shi ne ya gan ta yadda ya san ta, zaune tana tsince wake, ba ta jiran kowa.

Talle ya yanke shawara. A kan hanyar Bambeye ya tsaya gindin wata aduwa, ya rufe bakin wayar gaba ɗaya, ba ƙara, ba motsi. Ya isa gidan Inna Azumi bayan la'asar, rana ta yi ja a kan rumbuna. Ya yi sallama, ya ja gaisuwa, ya zauna a bakin tabarma yana duban ƙasa, yana jiran fuskar tsohuwar ta kwanta.

Abin da ya sha'afa shi ne, a waɗannan ƙauyuka haka mai kawo labarin rasuwa yake yi. Yakan tsawaita gaisuwa, ya sunkuyar da kai, ya jira. Ga kuma wayar da Inna Azumi ta sani da surutu ta yi tsit. Ta ajiye faifan waken da ke hannunta a hankali. Da yake Yunusu ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa ba.

"Talle, hwaɗa mini. Yaron nan ne?"

"Wane yaro, Inna?"

"Kada ka raina mini hankali. Yaushe aka yi?"

Sai a lokacin ya gane. Ya miƙe tsaye yana rantsuwa cewa lafiya lau Yunusu yake, ya buɗe sautin wayar. Saƙonnin da suka taru suka zubo kamar tsuntsaye a gonar hatsi. Ya nemo muryar Yunusu ya kunna mata.

"Ja'iri," in ji ta, tana share ido da bakin gyale. "Kai da wayarka mai bakin kasuwa, yau kuka zama waliyyai? Saura kaɗan ka sa in aika a tara mutane."

Ta nemi ya sake kunnawa. Ta jingina da katanga, ta lumshe ido, hasken yamma ya sauka a goshinta da zanen kumatunta, kamar an ɗauke ta zuwa wani gari mai nisa. A nan Talle ya ɗauki hoton.

Da hoton ya isa gare shi, Yunusu ya yi godiya, amma ya ce idanunta yake son gani.

Tun daga ranar, Talle yakan sanar tun daga ƙofar gida cewa kowa lafiya, sannan ya rufe bakin wayar a gaban mai gidan. Dabarar ta yi masa amfani wurin iyaye mata da dama. Wurin Inna Azumi kuwa ba ta yi ba: in wayar na ƙara tana saurare, in ta yi shiru tana zargi. Ya koma Bambeye sau da yawa. Hoton da Yunusu ya nema, na mahaifiyarsa ido buɗe kuma hankali kwance, har yanzu ba a ɗauka ba.