Aduwata a Ƙoramar Kawu Isufu

Damina bakwai ke nan da rasuwar Kawu Isufu, in har za a kira ɗan yayyafin da muke samu a Arlit damina. Ƙanen mahaifiyata ne, mutumin Damagaram, ya ƙare ƙarfinsa yana tuƙa motar da ke kai ma'aikata wurin haƙar uranium. Tari ya ɗauke shi a hankali.

Kowace Lahadi yakan ari tsohuwar kamiyo, wato babbar motar kaya, ya kwashi 'ya'yan makiyayan da fari ya koro gefen gari, yaran da ba su samu lakwal ba, wato makarantar boko, dajin iyayensu kuma ya suɓuce musu. Ni 'yar lakwal ce, amma nakan maƙale. Yakan kai mu wata busasshiyar ƙorama a hanyar Gugaram, ya koya mana sunan kowace ciyawa, ya sa mu tona yashi da hannu har mu ji sanyin ruwan da ke ɓoye. Ya ba kowane yaro itace ɗaya, ya yago ƙyalle daga tsohon rawaninsa ya ɗaura a reshe. A wancan lokacin, in mai gatari ya ga ƙyalle ya san itacen na da mai shi, sai ya wuce. Tawa aduwa ce. Na sha zama ƙarƙashinta ina gaya mata abin da ban gaya wa kowa ba.

A watan jiya na dawo hutu daga Yamai, na hau kabu-kabu na je ƙoramar. Inda na bar inuwa, kututture na tarar, ɗaya bayan ɗaya. Can ƙarshen ƙoramar wani mutum na labta itace bisa jaki. Agali ne, ɗan makiyayi, wanda Kawu ya fi yabo cikinmu.

Ya ce raƙuman mahaifinsa sun ƙare, aiki a gari ya yi wuya. Abokanmu sun tafi haƙar zinariya, biyu ba su dawo ba. Shi kuma yana da 'ya'ya uku, gari na neman itacen girki.

"Nawa na fara sarewa, Hadiza," in ji shi, "don kada in ji kunyar na wasu. Taki kaɗai ta saura. Ƙyallenta ya ruɓe tun bara. Ni na san ta, masu zuwa saran itace da kamiyo ba su san ta ba."

Ina ta tambayar kaina me Kawu zai ce. Ba na jin zai zagi Agali, don shi ma ya san yunwa. Ina jin zai tsuguna ya duba saran, kamar yadda yake duba komai. Sai na tsuguna a madadinsa. Kowane kututture an bar shi daidai gwiwa, an sare shi a karkace, an kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Haka Kawu ya koya mana: in sara ya zama dole, a bar wa itace hanyar dawowa. Wasu sun fara tofo, 'yan ganye ƙanana kamar faratan jariri. Mafi yawa sun bushe.

Abin da ya rage na Kawu ke nan: ba dajin ba, ba kamiyon Lahadi ba, sai hannun da ke sarewa yana tuna shi. Ban sani ba ko wannan ya isa.

Kafin in tafi na yage bakin mayafina. Agali ya janyo mini reshen aduwata, na ɗaura. Na tambaye shi ko ƙyalle na hana gatari har yanzu. Ya daɗe yana kallon hanyar da kamiyon masu sara ke bi.

"Zai hana nawa," ya ce.