Shagon Lawali na Sabon Gari, shekara tara bayansa

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Lawali mai buga takardu na Sabon Gari. Na faɗi sunan sau ɗaya don jarida ce, kada dangin miji su ce Rabi ta tsufa ta zubar da kunya. Daga nan Malam zan riƙa cewa kamar yadda na saba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

Mutanen Maraɗi da yawa sun san shagon, yana tsakanin mai walda da mai sayar da kayan babur. Har yau a buɗe yake, ni ke riƙe da makullinsa. Amma kaɗan ne suka san saura ƙiris a sayar da shi bayan rasuwar, in kwashe yara huɗu in koma gidanmu. Abin da ya hana shi nake so in ba da labari, don aikin Malam ne, kuma ban taɓa yi masa godiya yana raye ba. Tsiya ma na riƙa yi masa.

Katin biki, katin suna, takardar neman aiki, littafin ɗalibai, duk yana bugawa, da Faransanci da Hausa. Kuma ba ya zubar da aikin kowa, komai yana cikin kwamfuta, don mai kaya kan dawo bayan shekaru ya ce a sake fitar masa. A Tsibiri muke zaune, kullum da safe ya hau babur ya taho. Wani lokaci nakan biyo shi in taya shi yankan kati. Karatuna a ƙaramar lakkwal, wato firamare, ya tsaya. Na iya haɗa haruffa, amma hular da ake ɗora wa wasu, da ɗigo biyu, da ƙugiyar haruffan Hausa, ban san inda suke a kan madannai ba, kuma ban damu in sani ba.

Wata rana hannunsa cike da aiki ya ce in nemo masa katin wata Aïchatou. Na buga sunan tsirara, ba hula ba ɗigo, inji ya ce babu. Na sake, ya ce babu. Ga matar tsaye tana kallona. Na ce, "Malam, injinka maƙaryaci ne, ko kuwa girman kai gare shi." Ya zo ya sa ɗigo biyu a kan harafi ɗaya, sai ga kati. Matar ta yi dariya, ni ko na ji haushi ƙwarai. Shi bai yi dariya ba, ya tsaya yana kallon allon kamar an zage shi.

Daminar nan gaba ɗaya ta ƙare masa a rubuta wa kwamfutar tsarin nema na kansa, da ɗan abin da ya koya a littattafai. Tuwo ya sha hucewa a gabansa. In na yi magana sai ya kama yi mini bayani, ko ina so ko ba na so. Wai é ta Faransanci e ce da aka sa wa hula, ana iya tuɓe mata. Wai abin takaici, é biyu kan yi kama da juna a ido, amma inji ya riƙe ɗaya a matsayin abu guda, ɗayar kuma guntu biyu da aka manna, sai an mai da su iri ɗaya kafin a gwada su. Wanda ya fi ba shi haushi shi ne namu. Ƙ da ɗ da ɓ ba hula gare su ba, inji bai ma san suna da dangantaka da k da d da b ba, sai da ya zauna ya koya masa ɗaya bayan ɗaya, manya da ƙanana. Da ya gajishe ni na ce to ya goge ƙugiyoyin duka mana kowa ya huta. Kai! Ranar na ga ɓacin ransa. Ya ce abin da mutum ya kawo ba a taɓa shi, yadda ya rubuta sunansa haka za a mayar masa. Inji zai yi wa kansa kwafi tsirara ya ɓoye don nema kawai, abin da zai nuna kuwa na asalin ne. Na ce Allah ya ba da sa'a, na kwashe kwanukana.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Yanzu kowace waya tana da haruffan Hausa, amma mutane ba su sa su, wasu ma sun daina rubutun sai aika murya. Na san zai yi ta mita, ya tare yaran mai walda yana nuna musu inda ƙugiya take. Ɗiyarmu Balkisa, wadda ke karatun kwamfuta a jami'a, ta ce tuɓe hular nan da ya ci masa damina yanzu layi ɗaya ko biyu ne. Wannan zai ɗan sosa masa rai. Amma ta ce ƙugiyoyinmu har gobe sai mutum ya koya wa inji da hannunsa, kuma shafukan intanet da yawa ba su yi ba. Nan kam zai gyara zama ya ce ai ya faɗa.

Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba. Da na fita takaba, wansa, Yaya Alhaji mai hatsi, ya ce a sayar da kayan shagon. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, gani yake mace mai karatu irin nawa ba za ta iya riƙe wurin ba, kayan su lalace a banza. Ni ma ban yarda da kaina ba. Amma na san in shagon ya tafi, zamanmu a Tsibiri ya ƙare, lakkwal ɗin yara ma sai yadda ta yiwu.

Ranar da Yaya Alhaji ya kawo mai saye ya duba kaya, ina tsaye a gefe, sai ga wani daraktan lakkwal daga Jiratawa a kan kabu-kabu. Bai ma ji rasuwar ba, nan ya yi mana gaisuwa. Littafin yaƙi da jahilci ne Malam ya taɓa buga masa, kan noman rani, nasa ruwa ya ci, ga aji na jiransa. Ya ce ya san abin ya tafi da mai shi. Ban san lokacin da na ja kujera ba. Na ce ya faɗa mini abin da ya tuna a ciki. Ya ce akwai ƙasa, akwai ɗanyen taki, akwai pépinière, wato wurin renon shuka. Na buga su yadda na iya, ba hula ba ƙugiya. Sai ga littafin, kowane harafi da kayansa. Na fitar masa, ya tafi yana ta sa albarka.

Can sai Yaya Alhaji ya matso bayana. "Rabi, buga sunan Inna mu gani." Mahaifiyarsu yake nufi. Na buga. Katin addu'arta ta arba'in ya fito, da hotonta a kai, wanda shi kansa ya ɓatar da nasa tuntuni. Ya daɗe yana kallo, ya share fuska da hannun riga. Sannan ya juya ga mai saye ya ce, "Yi haƙuri, bawan Allah, kayan ga ba na saidawa ba ne." Washegari ya sa aka gyara babur ɗin, ya samo mai kawo ni da mai da ni.

In na auna abin da ya rage na Malam, ba shi da yawa a ido. Kwamfutocinsa biyu sun mutu, babur ɗin ya tsufa, muryarsa ma sai na yi shiru sosai nake jiyo ta. Amma yaransa sun yi karatu daga wannan shago, ban roƙi kowa ba, alhamdu lillahi. Tsarin nasa Balkisa ta kwashe shi zuwa sabuwar kwamfuta, yana nan yana aiki.

Kwanan baya ta tsaya a kaina ina buga wani suna, ta ce, "Inna, shekaru nawa kina wannan aiki, bari in nuna miki inda hular take, ba wuya." Sai a lokacin na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba. Mutumin da ke gyara wa kowa rubutu, har liman bai ƙyale ba, bai taɓa ce mini in koya ba, ko sau ɗaya. Sai ma ya zauna ya canza wa injin hali. Na ce da ita aikin mutane ta ci gaba da gyara mini kafin a fitar, amma wajen nema ta bar ni yadda nake. Babanta bai ga laifin hannuna ba.