Kwalin Takardun Bashir

Daga Whalley Range

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Laraba na fito daga gidana a Manchester, ana yayyafi. Kwana goma ke nan da rasuwar abokina Bashir, wanda ya yi shekara huɗu yana nazarin waƙoƙin makoki na Ibraniyawan dā. Malam Bayahude muke kiransa, yana dariya. Daren jiya matarsa Hadiza ta kira ni: yayansa ya yi waya daga Kano ya ce a zubar da takardun nazarin, kuma Alhamis motar shara ke zuwa.

Bas ta tashi shida da kwata. Mil tamanin da 'yan kai ne, amma cunkoso ya ci mana awa uku da rabi. Na riƙo dabino, na kasa ci.

Sparkhill

Goma saura na sauka a Stratford Road, a unguwar su Bashir. Kwalin takardun na tarar a bakin ƙofa, gefensa ya jiƙe. Raina ya ɓaci, amma da na ga idon Hadiza sai na haɗiye.

Ta kawo shayi ta ce, "Yaya Sani, tsakaninka da Allah, me yake nema a ciki? Mutane suna ta magana, honestly har ni na fara tsoro."

Na zaro takarda ɗaya. A kan kowane baiti ya ɗiga jan biro, uku a dama, biyu a hagu. Na ce, "Haka Ibraniyawa suke gina waƙar makoki. Rabin farko bugu uku, na biyu bugu biyu. Kunne na jiran na ukun, ba ya zuwa. Bashir ya ce haka mai kuka ke magana, numfashi ke yanke masa."

Ta daɗe tana kallon ɗigon. "Da Hajiyarsa ta rasu visa ta hana shi zuwa jana'iza. A watan ya canza topic ɗin nazarinsa." Sai ta dubi 'yarsu Amina ta ce, "Ni ma kullum kofi uku nake ɗaukowa, in mayar da ɗaya."

Ban san sanda hawaye ya zubo min ba. Ita da kanta ta samo leda ta naɗe kwalin.

Komawa

Bas ɗin ƙarfe biyu na hau. Direba ya ce in sa kwalin a ƙasa wajen kaya, na ƙi, a cinya na riƙe shi har Manchester. Na shiga gida daf da magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni kafin motar shara, Allah Ya jiƙan Bashir.