Kwana Biyar Sadiƙu Na Janye Ruwa

Sadiƙu mutumin Madekali ne. Sana'arshi ban ruwa: motopompi gare shi, injin jan ruwa, ja, tsohuwa, wadda yake ɗaurewa bayan babur ya kai gonakin shinkafa da albasa na bakin kogi. Ba shi da yawan magana, ƙarar injin ma ta rage mishi ji a kunnen hagu.

Ƙanenshi Shafi'u ya tahi haƙar zinariya can cikin duwatsun Atakora. Damina ta biyu, anka kira Sadiƙu ta waya yana tsakiyar gona. Ruwa ya hudo cikin rami, mutum ukku na ƙasa har da Shafi'u, injin wurin ya mutu. Ya naɗe tiyo, ya sa pompi cikin mota a tashar Malanville.

Ramin ya yi gaba ashirin. Daga bisa pompi ba ta iya jawo ruwan, sai shi da mahaƙan wurin sunka zura ta da igiya, sunka aje ta kan katako a tsakiya. Hayaƙi ya cika ramin. Sadiƙu kaɗai ke sauka, ya zuba ma pompi man esansi, ya hito yana tari. Ruwan na hita jawur kamar kunu. In ya sauka kamu shidda, kahin sahiya huɗu sun dawo.

Maigandi, mai ramin, ya ce, "Malam, ka huta, ka ci wani abu."

"In ta tsaya, ba ta tashi," in ji Sadiƙu.

Rana ta biyar anka hiddo gawar mutanen ukku. Ya gane Shafi'u da ɗan yatsan da lauje ya guntule tun suna yara. Mutane na salati, wasu na kuka, shi kuwa ya tsuguna yana wanke laka daga bakin tiyo. Nan anka rufe su, jandarma biyu na tsaye suna rubutu.

Da ya komo gida, uwarsu Diza ta tare shi bakin zaure. "Ka gan shi?"

"Na gan shi, Inna."

Ya nemi ruwan wanka.

Tun daga nan masu ramu sun riƙe lambar wayarshi. Duk damina in ruwa ya ci rami suna kira, yana tahiya. Matarshi Mansura ta taɓa tambayarshi mi yake nema can. Ya ce mutanen can ba su iya ɗaura tiyo ba.